Wa Zai Faɗa Mana Da Me Za Mu Kewaye Gida?

'Yan'uwa manoma, a 'yan shekarun nan ƙungiyoyinmu na gama kai da yawa sun kama wata sabuwar hidima. Bayan sayen taki da ajiyar hatsi, yanzu suna haɗa kuɗi su sayi fili a bakin gari, su yanka shi fuloti-fuloti, su raba wa membobi. Wannan abu ne mai kyau, gama birni yana ta cin gonaki, wanda kuwa bai kama wurin zama yau ba, gobe sai haya. Amma mun duba takardun ƙa'ida na waɗansu daga cikin ƙungiyoyin nan, mun tarar da wani sharaɗi yana ta maimaituwa sai ka ce hannu ɗaya ne ya rubuta. Sharaɗin yana cewa tilas kowane memba ya kewaye fulotinsa da katangar bulo cikin shekara ɗaya ko biyu. Ba a yarda da ginin ƙasa ba, ba a yarda da zana ko dangar kara ba, balle shingen itace. Wanda ya kasa a ci shi tara. In ya sāke kasawa, a mayar masa da kuɗinsa a ba wani fulotin.

A ganinmu wannan sharaɗi kuskure ne, ya kuwa kamata a gyara shi tun bai raba kan mutane ba. Zama wuri ɗaya yana bukatar doka, wannan ba gardama. Amma aikin doka shi ne ta faɗi abin da ake so katanga ta yi: ta tsaya a kan iyaka, kada ta faɗa wa mutum, kada ta jawo gobara, kada ta toshe hanya ko ta tura wa maƙwabci ruwa. Abin da za a yi ta da shi kuwa, a bar wa mai gida ya zaɓa gwargwadon ƙarfinsa. Za mu kawo dalilanmu, mafi girmansu kuwa daga cikin birnin Kano muka samo shi, a unguwar Yakasai.

Bari mu fara da lissafi

Ɗauki fuloti mai ƙafa 50 da ƙafa 100. Kewayensa ƙafa 300 ke nan. Bulo ɗaya tsawonsa inci 18 ne, watau ƙafa ɗaya da rabi, tsayinsa inci 9. Layi ɗaya na katanga zai ci bulo 200. In ana so ta kai ƙafa 6, layi 8 ake bukata, bulo 1,600 ke nan. Ba mu sa na tushe ba, ba mu sa rodi da ginshiƙai ba, ba mu sa yashi da ruwa da ƙyaure da ladan magini ba.

Yanzu ɗauki ɗaki mai ƙafa 12 da ƙafa 12, tsayin bango ƙafa 9. Bulonsa bai kai 400 ba. Ashe bulon da sharaɗin nan yake so a zuba a katanga ya isa bangon ɗaki huɗu. Mutum yana kwana da iyalinsa a ɗakin haya, ana ce masa ya fara kewaye ciyawa da kuɗin ɗaki huɗu. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa na ƙasar nan. Kowa ya san buhun masara nawa zai sayar kafin ya ga ƙarshen wannan aiki.

Wa zai kasa? Gwauruwa mai marayu za ta kasa. Saurayin da ya yi aure bara zai kasa. Manomin da fari ko tsutsa ta cinye masa gona zai kasa. Wa zai karɓi fulotinsu? Ɗan kasuwa da mai albashi. Ƙungiyar da aka kafa domin mai ƙaramin ƙarfi ya sami abin da ba zai samu shi kaɗai ba, sai ta zama hanyar kwashe rabonsa zuwa hannun mai hali, da sa hannun kwamitinmu kuma.

Daga ina wannan ra'ayi ya fito?

Ganin cewa ginin ƙasa abin kunya ne, siminti kaɗai ne gini, yana da tarihi. Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu 1903. Suka bar cikin birni a hannun Sarki da En'e, su kuwa suka zauna waje, a Nasarawa, aka kuma yanka wa baƙi Sabon Gari. A 1917 Gwamna Lugga ya kafa dokar garuruwa. A tsarinsa, tilas a bar fili na yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. A ofisoshin wancan zamani ne aka saba raba gini gida biyu: wanda aka yi da dutse ko siminti da kwano a kira shi mai dawwama, wanda aka yi da ƙasa ko kara ko ciyawa a kira shi na wucin gadi. Wannan rabo ya bi takardu ya gangaro, ya wuce dokar tsara birane ta 1946, ya iso zamanin 'yancin kai, ya kuma shiga kan mutane, har yau ga shi a takardun ƙungiyoyin manoma.

Amma su kansu Turawan da ƙasa suka yi gidajensu na fari. Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna sa'ad da ya buɗe makarantar boko a 1909, ginin ƙasa ne, ya kuwa haura shekara 100 a tsaye. Gidan Makama da ke cikin birni ma ginin ƙasa ne, ya girme shi nesa. Abin da ya kai wannan shekaru ba a kira shi na wucin gadi.

Abin da muka gani a Yakasai

Yawancinmu ba mazauna cikin birni ba ne, amma da yawa sun san Yakasai, gama tana kusa da Kasuwar Rimi da Ƙofar Mata, inda ake kai kaya ake kuma yin sayayya. Tsohuwar unguwa ce, gidaje manne da juna, lunguna ƙunci, waɗansu ko keke biyu ba sa giftawa. In akwai wurin da rigimar katanga za ta hana mutane barci, to, nan ne.

Wanda ya bi lungu ɗaya a hankali zai ga katanga iri-iri jere da juna. Ga ta tubali wadda kakanni suka gina. Ga ta ƙasa da aka shafe da siminti. Ga ta bulo, ga bene da ƙyauren ƙarfe. Gaskiya ne bulo ya yi yawa yanzu, ginin ƙasa yana ta raguwa. Amma dalilin sauyin nan a fili yake: an cike kududdufai da yawa inda ake haƙar ƙasa an yi gini a kai, maginan gargajiya sun ragu, yaɓe kowace shekara ya yi wa ma'aikaci da ɗan kasuwa nauyi, rabon gado kuma yana tsaga babban gida ƙanana-ƙanana, siririn bango ya fi ba da wuri. Kowa ya sauya sa'ad da ƙarfinsa ya kai. Wanda bai kai ba yana nan cikin gidan ubansa, da mutuncinsa.

Duk da haka unguwar ba ta taɓa zama ba doka ba. Tun kafin a san ofishin taswira, akwai ka'idodin da kowa ya tashi ya tarar. Ba ka ciyo lungu da katangarka, gama hanya ta jama'a ce, dole a iya wucewa da kaya, da amarya, da makara. Ba ka juya indararonka ya zuba a cikin gidan wani ko a gindin bangonsa. Ba ka fasa taga inda za ka hangi tsakar gidan maƙwabci. Mai hawa soro domin gyara yakan sanar, domin matan maƙwabta su kintsa. Ba ka haƙa masai a jikin bangon wani ko kusa da rijiyarsa. Bangon da ke tsakanin gida biyu kuwa, ba mai taɓa shi sai da sanin ɗayan. In bango ya tsage ya karkato kan hanya, dattawa sukan sa mai shi ya gyara ko ya sauke. In magana ta tashi, mai unguwa ne farkon zuwa, a kira gwanayen magina su duba, in ta gagara a kai gaban alƙali.

Waɗannan ka'idodi suna da tushe a shari'ar maƙwabtanmu Musulmi ta mazhabar Malikiyya, wadda ta yi dogon bayani a kan hana cutar maƙwabci. Wani magini na birnin Tunis, Ibn al-Rami, ya rubuta littafi guda a kan hukuncin gini tun ƙarni na 14. A ƙasar nan ma Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan mallakar ƙasa da haƙƙin abin da ke kewaye da gida da rijiya. Hikima kuwa duk inda aka same ta ɗauka ake yi. Ku lura da abu ɗaya: duk ka'idodin da muka lissafa suna magana ne a kan cuta. Ko ɗaya bai ce a yi gini da kaza ba. Mai kuɗi da talaka doka ɗaya ta hau kansu, kowa kuma yana iya cika ta da abin da ke hannunsa. Shi ya sa attajiri da mai faci suka iya zama bango ɗaya shekara da shekaru.

Ginin ƙasa na birni kuwa ba kwaɓa laka ba ne kawai. Ana cuɗa jar ƙasa da ciyawa a bar ta ta ruɓa, a mulmula tubali a shanya, a jera shi da kwaɓi. Gindin bango yana da kauri, yana sirancewa zuwa sama, domin nauyi ya zauna ƙasa. Ana shafe shi da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Inda ruwa ya fi duka ana sa laso, haɗin katsi na marina da gashin jima da dafara. Wannan ilimi ne, kamar yadda haɗin taki ilimi ne.

Badalar birni ma tana da abin koya mana. Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ta, Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta. Turawan da suka zo a 1903 sun rubuta cewa tsayinta ya kai ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta ƙafa 40. Da ƙasa aka yi ta, aikin gayya kuma ya riƙe ta ɗaruruwan shekaru. Da aka daina gyara, ruwa ya ci, mutane suka ɗebi ƙasarta, waɗansu suka yi gini a kanta. An sa ta cikin kayan tarihi na ƙasa, an kuma miƙa sunanta ga hukumar UNESCO a 2007, amma takarda ba ta yin yaɓe. Wurare da yawa yau sai tudu, waɗansu ko alama babu. Kulawa da tsare iyaka su ne ran katanga, kowace iri ce.

Masu son sharaɗin suna da hujjarsu

Ba daidai ba ne mu yi kamar 'yan kwamitin da suka rubuta sharaɗin nan mugaye ne. Abin da suke tsoro gaskiya ne, sai mu duba shi ɗaya-ɗaya.

Suna cewa ginin ƙasa yana faɗuwa da damina. Haka ne. Manya ba su manta da watan Agusta 1988 ba, sa'ad da ruwan sama ya yi ɓarna a Kano, dam ɗin Bagauda ya ɓalle, gidaje dubbai suka rushe, aka yi hasarar rayuka. Kusan kowace damina kuma ana jin bango ya faɗa wa yara suna barci. Amma me ke kayar da bangon ƙasa? Ruwa ne a wuri biyu: wanda ya kwanta a gindinsa yana jiƙa shi, da wanda ya shiga ta kansa inda ya tsage. Akwai kuma wata illa da ta zo da zamani. In aka shafe bangon ƙasa da siminti, siminti ba ya kama ƙasa sosai. Yakan tsage, ruwa ya shiga baya ya kasa fita, daga waje bango yana kyau, daga ciki ya ruɓe. Maganin duk wannan tushe ne na dutse, da kwata mai janye ruwa, da rufe kan bango, da dubawa kafin ruwan fari. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Katangar bulo kuma tana faɗuwa, mun gani ba sau ɗaya ba. Mai buga bulo ya ja buhu ɗaya ya fitar da abin da ya fi ƙima, bulon da za ka murje da hannu. Magini ya tona tushe taƙi ɗaya, ya miƙa bango ƙafa 100 ba ginshiƙi, bai bar ramin fitar ruwa a ƙasa ba. Ruwa ya taru a baya, iska ta buga, sai ta kwanta gaba ɗaya. Mutumin da aka tilasta wa bulo ba shi da kuɗi, irin wannan katanga zai yi, gama ita ce mai araha. Sharaɗin da ya ce bulo kawai bai hana faɗuwa ba. Ya sauya abin da zai faɗo ne kurum.

Suna cewa danga da zana suna cin wuta. Wannan ita ce hujjarsu mafi ƙarfi, mun kuwa yarda da ita. A lokacin hunturu, in gidaje suka matsu, dangar kara hanya ce da wuta ke bi daga wannan gida zuwa wancan. A wuri mai cunkoso irin Yakasai ba mai hankalin da zai ce a kewaye gida da kara. Amma sabon fili inda gida uku ne a cikin fuloti talatin daban ne. A can abin da ake bukata tazara ce: a nisanta danga da murhu, da rumbu, da jinkar ɗaki, a share ciyawa kewaye da ita da kaka. Sa'ad da wuri ya cika, taro ya sāke duba maganar.

Suna cewa ɓarayi. Doguwar katanga mai fasassun kwalabe tana wahalar da ɓarawo wajen shiga, amma in ya shiga ta zama masa rufin asiri, ba mai ganinsa, ihun mai gida ma da ƙyar ya fita. Abin da ke tsare lungun birni idon mutane ne: dattawa a kan dakali, yara a ƙofar gida, kowa ya san baƙuwar fuska. Unguwar da rabin membobinta suka kasa tarewa domin kuɗinsu ya ƙare a katanga, kango ce mai bango, ɓarawo kuwa ba abin da yake so kamar kango.

Suna cewa kyan gani da darajar fili. A nan sai mu tambayi kanmu, domin zama muka sayi filin, ko domin sayarwa? In domin sayarwa ne, to, mun bar aikin gama kai mun shiga dillanci.

Yadda abin yake a waɗansu ƙasashe

A Amurka mutane miliyoyi suna zaune a unguwannin da ƙungiyar masu gidaje ke mulki. Kafin ka sayi gida sai ka sa hannu a kan ƙa'idodinsu. Da yawa suna faɗin tsayin shinge, da abin da za a yi shi da shi, har da launin fenti. Waɗansu sun hana shingen waya sam. Wanda ya saɓa a ci shi tara, bashin tara kuma yana iya hawa kan gidansa. Rigima tsakanin maƙwabta a kan shinge har kotu take kaiwa. Su masu wadata ne, duk da haka abin yana ɓata zumunci. Ina ga mu?

A Ingila kuwa dokar gama-gari ta fi kallon tsayi. Mutum yana iya kewaye gidansa har mita 2 ba sai ya nemi izini ba, in kuma a bakin hanyar mota ne mita 1, sai dai in gidan na tarihi ne ko unguwar tana da wani sharaɗi na musamman. Katako ne, ko jan bulo, ko dutse, yawanci ruwan mai gida ne.

Kada kuma wani ya ce muna so a tilasta ginin ƙasa. Garin Jenne na ƙasar Mali ya shiga jerin kayan tarihin duniya a 1988, saboda gidajensa na ƙasa da babban masallacinsa da jama'a ke yi wa yaɓe kowace shekara. Aka hana mutane sāke fasalin gidajensu. Masu yawon buɗe ido suka ji daɗi, amma mazauna da yawa suka yi kuka, gama su ne ke ɗaukar wahalar gyara, ba su da ikon sauya gidan yadda iyali ke bukata. A 2016 aka sa garin cikin wuraren tarihi da ke cikin hatsari. Dokar da ta ce ƙasa kawai da wadda ta ce bulo kawai, ciwonsu ɗaya: wani ne ya zaɓa, wani ne ke biya.

Rabon hukuma

Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar birni a hannun Gwamna, ta ƙauye kuma a hannun ƙaramar hukuma. A Kano hukumar KNUPDA, wadda dā ake kira KASEPPA, ita ce ke duba taswirar gini ta ba da izini, ita ce kuma ke shafa jan fenti a ginin da ya saɓa. Ƙauyukan da ke kewaye da birni, ta wajen Kumbotso da Ungogo da Dawakin Kudu da Gezawa, da yawa gari ya riga ya iso su. Saboda haka kafin kwamiti ya rubuta kowace ƙa'ida, ya tafi ofis ya tambayi abin da ake bukata a filinsa, ya karɓi amsa a rubuce, ya karanta wa taro. Abin da hukuma ta sa, a bi. Abin da ba ta sa ba, kada a ɗora wa mutane da sunanta.

A tuna kuma da watan Yuni 2023, sa'ad da gwamnatin Jihar Kano ta rushe gine-gine da dama da ta ce an yi su a filayen jama'a, har da shagunan da ke gefen Filin Idi, ba nisa da Yakasai. Da bulo da rodi aka yi su, hakan bai cece su ba, maganar kuma ta kai kotu. Rigimar a kan wurin da aka yi ginin ce. Kuɗin da ƙungiya ke so membobi su zuba a katanga, kaɗan daga cikinsa in aka kashe wajen safiyo da takardun fili da duwatsun iyaka, ya fi tsare dukiyar kowa.

Shawararmu ga kwamitoci

1. A cire sunan bulo daga sharaɗi. A rubuta cewa kowane memba ya nuna iyakarsa cikin shekara ɗaya, da duk abin da ya iya: bulo, tubali, dutse, waya, zana, danga, ko shingen itace.

2. A kafa dutsen iyaka na siminti a kowace kusurwa da kuɗin ƙungiya, a gaban maƙwabta da mai unguwa ko dagaci. Danga tana iya matsawa da dare, dutse shi ne shaida.

3. A bar hanya wadda mota za ta shiga ta ɗauki mara lafiya ko ta kawo ruwan kashe gobara. A bar kwata. In burtali ya ratsa filin, a bar shi a buɗe, gama toshe burtali neman faɗa ne.

4. A sa ƙa'idar lafiya ga kowane iri. Bulo: tushe mai zurfi, ginshiƙi kowace ƙafa 10, ramukan fitar ruwa. Ƙasa: tushen dutse, gindi mai kauri, rufaffen kai, yaɓe kafin damina. Danga da zana: nesa da wuta, a sabunta in gara ta ci. Waya mai ƙaya: kada a sa ta ƙasa-ƙasa a bakin hanyar yara.

5. A ƙarfafa shinge mai rai. Kakanninmu sun kewaye gonaki da burtali da aguwa da dashi da bini-da-zugu da lalle, har yanzu ana ganinsu a karkarar Kano. Reshen dashi da na aguwa ana dasa su gab da faɗuwar damina su kama. Zogale yana ba da inuwa da miya, lalle yana kawo kuɗi. Sai dai a kula, 'ya'yan bini-da-zugu guba ne ga yara, saiwar darbejiya da ta ceɗiya kuma tana tsaga gini, a nisanta su da bango.

6. Bangon tsakani a raba kuɗinsa. In maƙwabta na gefe biyu da na baya suka ɗauki rabi, bulo 1,600 ɗin nan ya sauko ƙasa da 950. A rubuta yarjejeniyar, a ajiye kwafi a wurin sakatare.

7. Ƙungiya ta yi tunanin sayen injin matse ƙasa. Akwai na hannu, irin CINVA-Ram da aka ƙirƙiro a ƙasar Kolombiya a shekarun 1950, cibiyar binciken gini ta tarayya kuma, NBRRI, tana ƙera nata. Ana haɗa siminti awo 1 da ƙasa awo 15 zuwa 20, gwargwadon irin ƙasar, a matse, a jera a inuwa ana yayyafa ruwa mako ɗaya ko biyu. Membobi su yi gayya, yau fulotin wannan, jibi na wancan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

8. A zaɓi dattawa uku, mace ɗaya a ciki, da magini ɗaya, su zaga kowace shekara kafin ruwan fari. Katangar da suka ga za ta yi ɓarna, ko ta wace iri ce, ko ta shugaba ce, a ba mai ita lokaci ya gyara. In ba shi da hali, ƙungiya ta ba shi rance ko ta yi masa gayya.

9. Kada a ƙwace fulotin kowa saboda katanga. A rubuta wannan a fili, da manyan baƙaƙe.

Ƙungiyar da ta riga ta sa hannu a kan tsohon sharaɗi ba ta makara ba. Taro ne ya kafa shi, taro yana iya sauke shi. Muna roƙon shugabanni da sakatarori su karanta wannan magana a taron wata mai zuwa, su bar mata da matasa su faɗi nasu kafin a kaɗa ƙuri'a, gama su ne sharaɗin ya fi taɓawa. Wanda hanya ta kai shi birni kuwa, in ya sauke kayansa a Rimi, ya ɗan ratsa lungunan Yakasai ya duba da idonsa yadda tubali da bulo ke jingine da juna. Ku rubuto mana abin da kuka yanke, da irin shingen da ya yi muku amfani a wajenku, domin sauran ƙungiyoyi su ƙaru.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya kuma kawo damina mai albarka.